Mai Rabon Ruwa

Shekara talatin da ɗaya Anselmo na rabon ruwa
a gonakin inabin Mendoza.
In ƙanƙarar duwatsu ta narke ta gangaro,
shi ke ɗaga ƙyauren ƙarfe, shi ke saukewa:
awa huɗu ga gidan Barroso,
biyu ga gwauruwar ƙarshen layi.
Ko cikin duhu ya san kowace ƙorama da kukanta.

Ranar Talata yana ɗaure takalmi
ya ce, Celmira, an tsaga ni ta baya.
Bai yi ihu ba. Ya zauna kan bokiti, gumi na tsiyaya.

Dakta Ibarrola ta zana mana a bayan takardar magani:
babbar jijiyar da ta taso daga zuciya,
bangonta ya dare gida biyu,
jini ya samu ɓarauniyar hanya yana bi.
Anselmo ya dubi zanen, ya gyaɗa kai.
Na sha gani, ya ce. Gaɓa ce ta zaizaye ta ciki.

Ba za a buɗe ƙirji ba, in ji ta.
Ɗan yanka ne a matsematsi, bai kai yatsa ba,
a zura bututun raga a naɗe kamar laima,
a ware shi inda ya yage.
Ta lissafa abin da ka iya biyowa, ba ta ɓoye ba:
yoyo, ƙoda, shanyewa.
Kunnena ya ji. Zuciyata na can kan "ɗan yanka".
Shi ya sa hannu. Ni na riƙe masa takardar.

Aiki ya yi kyau. Haka suka ce, kuma ba ƙarya ba ne.
Da asuba ya nemi ruwa, ya tambayi wa ya ci ƙwallo,
sannan ya ce, wa ya ɗauke min ƙafafu?
Na yaye bargo. Ga su nan, biyu,
har da tabon da waya ta yi masa shekarar fari.
Na matse babban yatsa.
Yana kallon rufi.

Sai gudu a baranda.
Suka tura jininsa sama da gangan,
shi da aka shekara goma ana lallashin jininsa ya sauko.
Suka soka siririn bututu a gadon baya,
ruwan laka na ɗiga a jaka, ɗis, ɗis,
nas na ƙirga shi kamar mai awon zinariya.
Ragar da ta toshe ɓaraka, in ji likita,
ta rufe bakin wasu ƙananan rassa
masu shayar da laka.

Mijina ya yi dariyar nan da ba na so.
An gyara babbar hanya, an manta gonar gwauruwa.
Ni ma na taɓa yi, ya ce. Siminti na zuba mai kyau,
sai da aka kwana uku na ga ganyenta ya yi yaushi.

Ban manta ba, ta ce, idonta ja don rashin barci.
Da ban rufe ba, da kwarin duka ya tafi.
Ya daɗe yana dubanta.
Na sani, ya ce. Ni ma abin da na faɗa mata ke nan.

Kwana na biyar yatsan hagu ya motsa,
kaɗan, kamar kan ƙadangare.
Na dama har yau bai ce uffan ba.

Wata bakwai ke nan.
Hannunsa na hagu ya fi ɗan'uwansa sanyi,
a hammatata nake ɗumama shi.
Hoton baya-bayan nan ya nuna wata 'yar inuwa a gefen raga.
Mu sa ido, suka ce. Muna sawa.

Da yamma nakan tura kekensa bakin magudana,
inda yaron da ya gaje shi ke fama da makulli.
Anselmo ya rufe ido, ya karkata kai.
Facundo, ya ce, ƙyaure na uku na yoyo.
Yaron ya ce ya duba da safe.
Koma ka duba.